Darasin Juma'a: Raihana ko Rihanna? Hukuncin Sunan da Wata Shahararriya ta Ɗauka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da Annabi Adamu sunaye baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan mako a kan sunan 'ya mace ne. Tambayar ta yawaita a wajen malamanmu na nan Sabo, daga bakin magidanta a bayan sallar Isha'i, da kuma daga makarantar matan aure. Lafazin ya bambanta, amma maganar ɗaya ce: ya halatta mutum ya raɗa wa 'yarsa Raihana, alhali akwai wata mawaƙiyar Turawa da duniya ta sani da suna Rihanna? Maganar ba ƙarama ba ce, don akwai gidajen da aka kai ranar suna miji da mata ba sa ga maciji da juna a kanta, akwai kuma kakannin da suka yi fushi daga gida suka ƙi zuwa. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu warware ta da ilimi.

Abin da jama'a ke cewa

Idan ka saurari mutanenmu za ka ji ra'ayi uku.

Dattawa, musamman iyayenmu mata, cewa suke yi: "Ina aka kai Hadiza da A'ishatu da Fatsima? Sunayen gidan Annabi sun ƙare ne da za a je a ɗauko na mai rawa?" Su a wurinsu suna linzami ne, inda aka ja shi can mai shi zai bi.

Matasan ma'aurata kuma suna cewa: "Ai Larabci ne, kuma yana cikin Alƙur'ani. Mu ba don wata mawaƙiya muka zaɓa ba, daɗinsa muka ji." Wasu ma sukan ƙara da cewa a gidansu akwai A'isha biyar, idan aka kira ɗaya sai duk su waiwayo.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda ba su ga laifin sunan ba, amma suna tsoron abin da zai biyo baya a nan Kurmi. Suka ce yarinya za ta shiga makaranta cikin 'ya'yan wasu ƙabilu, malama ta buɗe rajista ta kira "Rihanna", aji ya fashe da dariya, shi ke nan suna ya bi ta.

Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da sunan kansa.

Mene ne Raihana?

Raihan a Larabce shi ne duk tsiron da ke da ƙamshi. Larabawan yau sun fi kiran ɗoɗɗoya da wannan suna, wato dangin ganyen nan da maƙwabtanmu Yarbawa ke kira efinrin, wanda matanmu ke saye a Bodija. Guda ɗaya daga cikinsa ita ce raihana. Kalmar ta zo sau biyu a Alƙur'ani: a Suratur Rahman aya ta 12, cikin jerin ni'imomin da Allah Ya shimfiɗa a ƙasa, da Suratul Waƙi'a aya ta 89, cikin sakamakon da aka tanadar wa makusanta.

A cikin Sahihul Bukhari, Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya siffanta jikokinsa Hasan da Husaini da cewa su ne raihanoninsa biyu na duniya. Kun ga ke nan kalma ce da Annabi da kansa ya yi wa abin ƙaunarsa kirari da ita.

Sannan a gidan Annabi (SAW) akwai Raihana 'yar Zaidu. Asalinta Bayahudiya ce daga Banu Nadir, tana aure a cikin Banu Ƙuraiza, ta shigo hannun Musulmi a shekara ta 5 bayan Hijira, daga baya ta musulunta. Malaman tarihi sun yi saɓani, wasu suka ce ya 'yanta ta ya aure ta, wasu suka ce ta zauna a matsayin kuyanga. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne ta zauna a ƙarƙashin inuwarsa da wannan suna, kuma bai canza mata ba, alhali an san shi da canza sunan da bai yi masa ba.

Ita kuwa mawaƙiyar, cikakken sunanta Robyn Rihanna Fenty, an haife ta a 1988 a tsibirin Barbados. Tsakaninta da Raihana 'yar Zaidu akwai sama da shekara 1,300. To, wa ya riga wani?

Ma'aunin da Annabi ya bar mana

Idan muka duba sunayen da Manzon Allah (SAW) ya canza, za mu gane abin da yake dubawa.

Sayyidina Umar yana da 'ya mai suna Asiya, da harafin aini da sadi, ma'ana mai saɓo. Annabi ya mayar da ita Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A lura da kyau a nan, wannan daban take da Asiya matar Fir'auna, wadda ake rubutawa da alif da sin, ita kam suna ne mai daraja. A rubutun boko ne suka zama iri ɗaya, don haka kada wani ya je ya tayar wa masu suna Asiya hankali.

Akwai Barra, ma'ana mai yawan biyayya ga Allah. Ma'anar tana da kyau, amma akwai yabon kai a ciki, sai ya mayar da ita Zainab. Uwar Muminai Juwairiyya ma da can Barra ake ce mata.

Akwai kuma kakan babban tabi'in nan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, wato ƙasa mai tauri da gargada. Annabi ya ce masa ya zama Sahlu, mai sauƙi. Ya ce shi ba zai canza sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsanani bai bar gidansu ba. Wannan yana cikin Bukhari, kuma hujja ce ga iyayenmu masu cewa suna linzami.

A duk waɗannan, ma'anar sunan aka duba. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: asali a sunaye halasci ne, sai wanda ya ƙunshi bautar wanin Allah, ko ya zama suna ne da Allah Ya keɓanta da shi, ko alama ce ta wani addini, ko ma'anarsa mummuna ce, ko akwai yabon kai a ciki. Raihana ba ta faɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mai suna ba ya ɓata suna

Ga wani abu da ya kamata mu yi tunani a kai. Muslim ya ruwaito cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. To, shugaban munafukan Madina sunansa Abdullahi ɗan Ubayyu ɗan Salul. Wanda ya kashe Sayyidina Ali a Kufa a shekara ta 40 bayan Hijira sunansa Abdurrahman ɗan Muljam. Shin an taɓa jin malamin da ya ce a daina sa waɗannan sunaye saboda su? Ba a taɓa ba. Laifinsu a kansu yake, sunan yana nan da darajarsa.

Mu dawo gida. A cikin 'yan fim ɗin Hausa akwai Hadiza, akwai Maryam, akwai Nafisa, akwai Rahama, akwai Fati, akwai Halima. Ba hukunci muke yanke wa kowa a cikinsu ba, Allah ne Ya san bayinsa. Abin da muke nufi shi ne, da shaharar mai suna tana haramta suna, da ba abin da zai rage mana. Hadiza dai sunan Uwar Muminai ne. Nafisa sunan Sayyida Nafisa ne, jikar gidan Annabi da ta rasu a Misira a shekara ta 208 bayan Hijira, malama mai ibada wadda Imamu Shafi'i ya girmama.

Haka zancen yake ga sunayen da mawaƙan waje suka ɗauka. Shakira na nufin mai godiya. Mawaƙiyar Kolombiya da ta yi waƙar gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010 an haife ta a 1977, mahaifinta ɗan asalin Labanan ne, daga can sunan ya zo mata. Kafin a san da ita, 'yan'uwanmu Musulmin Yarbawa sun daɗe suna da Shakirat a gidajensu. Aliya na nufin maɗaukakiya, kuma an yi mawaƙiyar Amurka mai wannan suna da ta rasu a hatsarin jirgin sama a 2001. Ku tambayi yaran yanzu, da yawansu ba su ma san da ita ba. Tauraro yakan fito ya faɗi, suna kuwa yarinya za ta kai shi har kabari.

Inda dattawa suka yi gaskiya

Kada matasa su ji wannan su ce shi ke nan sun yi nasara. Akwai niyya. Hadisin farko a Bukhari a kan niyya yake, kuma zaɓen suna aiki ne, yana da tasa niyyar.

A Sahihu Muslim, lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya kawo tambayar mutanen Najran game da kiran Nana Maryam 'yar'uwar Haruna, Annabi ya bayyana masa cewa mutanen da suna sa wa 'ya'yansu sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Wannan shi ne asalin takwara a wurinmu. Wanda ka yi wa takwara, shaida ka bayar cewa kana son ɗanka ya bi sawunsa. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mutum yana tare da wanda yake so. Shi ya sa malamai irin su Shaikh Bakr Abu Zaid, a littafinsa Tasmiyatul Maulud, suka karhanta a raɗa wa yaro suna da nufin koyi da mawaƙa da 'yan wasa.

Saboda haka mutum biyu za su iya raɗa suna iri ɗaya, hukuncinsu ya bambanta. Wanda ya ce Raihana yana tuna ni'imar Aljanna da kirarin Hasan da Husaini, ya yi daidai. Wanda ya ce Raihana a gaban liman alhali a zuciyarsa hoton mawaƙiya yake gani, sunan ya zauna, amma ya yi wa 'yarsa rowar niyya mai kyau. Ga gwaji mai sauƙi. Wata rana yarinyar nan za ta tambaya: "Baba, sunan wa na ci?" Idan amsar da za ka ba ta za ka iya maimaita ta a sahun gaba ba tare da ka sunkuyar da kai ba, to Bismillah.

Akwai kuma wani nau'i da ba ya buƙatar dogon bincike. Masu kallon fina-finan Indiya, na tashoshi da masu fassarar Hausa, sukan ɗauko suna su liƙa wa yarinya a matsayin laƙabi. A sani cewa Puja sunan ibadarsu ne ta gumaka, Lakshmi da Durga kuma sunayen allolinsu ne. Waɗannan ba su halatta ba, ko da wasa. Haka nan ba kowace kalmar Larabci ce suna ba. Ana samun wanda zai buɗe Alƙur'ani ya ga kalma ta yi masa daɗi a kunne ya ɗauka, alhali a cikin Alƙur'ani akwai sunan wuta, akwai sunan Fir'auna da Ƙaruna. Kafin a ɗauki suna daga waya, a kai wa malami ya duba ma'anarsa. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Inda na tsakiya suka yi gaskiya

Mu da ke zaune a nan, akwai abin da ya shafe mu wanda bai shafi na Kano ko Sakkwato ba. Wanda zai rubuta sunan 'yarka a asibiti, ko a ofishin Hukumar Ƙidaya, ko a makaranta, galibi ba Bahaushe ba ne. Abin da kunnensa ya saba ji shi zai rubuta. Ka ce Raihana, ya rubuta Rihanna. Wani ya rubuta Rihanat, irin ta Yarbawa. A Islamiyya kuma a rubuta Raihanatu. Yarinya ɗaya, suna uku.

Ba a ganin illar sai ta girma. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kan NIN shi ake so ya dace da na takardar jarrabawa. Banki ma haka, fasfo ma haka, kujerar Hajji ma haka. Harafi ɗaya ya sa iyaye da yawa sun yi ta zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa da gidan jarida don sanarwar gyaran suna, ga kuɗi ga ɓata lokaci, a bar rumfa a rufe.

Maganin wannan yana hannunmu. Uba ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda tun daga gida, ko ya sa a rubuta masa, ya miƙa wa ma'aikaci, kuma kada ya bar wurin sai ya duba abin da aka rubuta. A yi takardar haihuwa da wuri, dokar 1992 ta ce cikin kwana 60. Rubutun da ke kanta shi za a bi a ko'ina, boko da Islamiyya. Ranar da aka kai yarinya makaranta, a gaya wa malamarta yadda ake faɗin sunan. Mafi yawansu idan aka yi musu bayani cikin mutunci suna kiyayewa.

Game da tsokana kuwa, mu fara da namu gidan. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana jifan juna da laƙabin da mai shi ba ya so. Sau da yawa ba 'yan aji ne ke fara kiran yarinya da sunan mawaƙiya ba, yayyenta ne da ƙannen uwarta, suna yi suna dariya. A hana su tun tana zanen goyo. Sannan a koya mata ma'anar sunanta da tarihinsa. Yarinyar da ta san sunan wa ta ci, idan aka tsokane ta tana da amsa.

Wa ke da haƙƙin zaɓe?

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya bayyana a Tuhfatul Maudud cewa idan uwa da uba suka yi saɓani, haƙƙin raɗa suna na uba ne, domin da sunansa ake kiran ɗa. Amma wannan ba lasisin kama-karya ba ne. A Suratu Ali Imrana aya ta 36, matar Imrana ce ta raɗa wa 'yarta Maryam. Wadda ta ɗauki ciki wata tara ta cancanci a ji ta bakinta. Maigida ya ce: "Uwargida, wane suna ke ranki?" Wannan ba ya rage masa komai.

Kakanni kuma suna da haƙƙin girmamawa. Shari'a ba ta wajabta a sa sunan da suka zaɓa ba, amma ta haramta a wulaƙanta su. Mu da muka yi nisa da gida mun fi kowa buƙatar wannan igiya. Takwara tana daga cikin abin da ke sa yaron da aka haifa a Mokola ya san yana da dangi a Katsina ko Maraɗi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kuma al'adarmu ta riga ta buɗe mana ƙofa. Tun kaka da kakanni muna da sunan yanka, muna da na alkunya. A'ishatu ta zama Indo, Hauwa'u ta zama Kulu, Zainabu ta zama Abu, wadda aka haifa ran Juma'a ta zama Jummai. Idan Hajiya ta nace a yi mata takwara, a yanka rago da sunanta, a riƙa kiran yarinya Raihana a gida, tunda dama ba za a iya kiran sunan Hajiya gatsal ba. Idan ana so duka biyun su shiga takarda, a rubuta su tare tun farko. Hajiya ta samu, uwar jego ta samu. A yi wannan shawara tun kafin haihuwa, a kira gida a waya a ce: "Inna, ga abin da muke tunani, me kika gani?" Yawancin fushin da ake yi ba a kan sunan ba ne, a kan ji daga bakin maroƙi ne.

Ba dole ba ne a jira kwana bakwai kafin a tsayar da magana. Hadisin Samura ya ambaci yanka da aski da suna a rana ta bakwai, kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya raɗa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. A mazhabarmu ta Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji, ɗaya ga mace, kamar yadda yake a Risala. Wannan ma tunatarwa ce cewa 'ya mace ba ragin kaya ba ce, yadda za a zauna a yi nazarin sunan ɗa namiji haka za a yi nata.

Abin da za mu riƙe

Raihana suna ne halastacce mai asali, haka Shakira, haka Aliya, haka duk sunan da ma'anarsa ta yi kyau ko da wata shahararriya ta ɗauke shi. Wanda ya riga ya raɗa, babu abin da zai canza. Idan niyyarsa ta farko ta karkace, ya gyara ta tsakaninsa da Allah, ya gyara rubutun idan an ɓata. Wanda ya sa sunan da ke da alaƙa da bautar wanin Allah, ko mai mummunar ma'ana, ya canza shi, ba sai an sake yanka ba. Wanda kuma ya zaɓi Hadiza ko Fatsima ko Asma'u ya bi hanya mafi aminci, ya kuma tuna wa 'yarsa da irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 tana karantar da mata. Amma kada ya raina ɗan'uwansa da ya zaɓi wani halal ɗin daban.

Bayan an watse daga wajen suna, aikin da ya rage shi ne babba: wace waya za a ba ta, wace tasha ake kunnawa a falo, wa zai kai ta Islamiyya idan uba yana kasuwa tun asuba. A nan ne za a san ko wa za ta yi koyi da ita.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Sunna, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sanya albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu. Mai tambaya ya samu limamai bayan sallar La'asar, mata kuma su miƙa ta hannun malamarsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.